Likita Mila da Mako Guda a Birnin Kano

Ya kai mai karatu, ko kai sabon mai bi ne, ko kuwa kana cikin masu bincike tukuna, ga labarin wani bawan Allah wanda ya kamata ka yi tunani a kansa. Sunansa Walta Mila, amma mutanen Zazzau da na Kano da Likita Mila su ka san shi. An haife shi a ƙasar Ingila cikin shekara ta 1872, ya rasu a Bukuru kusa da Jos cikin 1952. Shekararsa 80 a duniya, fiye da rabinsu kuwa a Nijeriya ta Arewa ya yi su. A cikin dukan shekarun nan akwai wani mako guda, a watan Afrilu na 1900, wanda ya yi a cikin ganuwar Kano, inda dukan abin da ya shirya ya rushe a gaban idonsa. Abin da ya faru a makon nan, da abin da ya yi bayansa, shi ne za mu duba, gama kai ma wata rana za a rufe maka ƙofa, ya kamata kuwa ka san yadda mai bin Almasihu ya ke yi a ranar.

Shirin tafiya

Mila ya yi karatun likita a birnin Landan, a asibitin da a ke kira da sunan Bartalamawas Mai Tsarki. Da ya gama, hanyar samun dukiya da suna tana buɗe a gabansa, amma ya ba da kansa ga C.M.S., watau jam'iyyar masu bishara ta Ikkilisiyar Ingila. A zamanin nan zukatan mutanen jam'iyyar suna kan ƙasar Hausa ƙwarai. Waɗansu sun riga sun gwada, ba su kai ba. John Robinson ya mutu a Lakwaja cikin 1891, abokin aikinsa Wilmot Brooke ya bi shi cikin 1892. Ƙanen Robinson, mai suna Charles, shi ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya zauna wajen wata uku yana tara kalmomin Hausa, ya koma gida ya buga ƙamus.

Mila ya ga ba shi da amfani mutum ya je wa jama'a da magana alhali bai iya bakinsu ba. Saboda haka shi da abokansa su ka fara zuwa Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda ayarin Kano ke sauke fatu da haure da gashin jimina bayan sun ƙetare hamada. Akwai Hausawa a can, fatake da alhazai da waɗanda bauta ta kai su. A wurinsu ya zauna yana koyon Hausa kamar yaro a makarantar allo. Wannan shiri ne mai kyau, shi ne kuma ya amfane shi har ƙarshen ransa.

A watan Janairu na 1900 su ka tashi daga Ikko, su biyar. Shugabansu Bishop Herbert Tugwell ne, sai malaman Ikkilisiya biyu, Richardson da Dudley Ryder, sai Burgin, sai Mila, likitansu, wanda bai cika shekara 30 ba. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, don haka a ƙasa da bisa dawaki su ka yi tafiyar, da 'yan alaro masu yawa ɗauke da kaya. Su ka ratsa ƙasar Yarabawa, su ka haye Kwara a Jabba, su ka yi ta tafiya wajen wata uku.

Halin da ƙasa ke ciki

Kafin ka ga laifin kowa, sai ka san irin zamanin da su ka zo a ciki. Cikin 1897 sojan Kamfanin Kwara sun ci Bida da Ilori. Cikin 1899 wata rundunar Faransa ta ratso daga yamma tana ƙone garuruwa, ta hallaka jama'a mai yawa a Birnin Ƙonni, a shekarar nan kuma Faransawa su ka kama Damagaram, maƙwabciyar Kano ta arewa. Ran 1 ga Janairu 1900 aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, Gwamna Lugga ya shelanta mulkin Ingila bisa ƙasashen Arewa, ko da ya ke Sarkin Musulmi Abdurrahman bai yarda da wannan ba. A cikin watan Afrilun nan da mu ke magana a kai Faransawa su ka kashe Rabe a can gabas, kusa da Tafkin Cadi. Ta kowace fuska labarin Turawa labarin bindiga ne.

Sarkin Kano na lokacin Aliyu Babba ne, wanda a ke ce wa Alu. Da takobi ya sami gadon sarauta, cikin yaƙin Basasa da aka fara a 1893, mutum ne jarumi, mai ilimi, mai tsaron mulkinsa. To, ka duba da idonsa. An ce masa ga Nasara biyar sun nufo birninsa da dogon ayari da akwatuna a rufe. Ta yaya zai rarrabe akwatin magani da akwatin harsashi? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu ya ke yi.

Da su ka iso Zariya, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da alheri, ya ba su masauki. Ga ƙofa ta buɗe, amma idonsu yana kan Kano. Gwamna Lugga ma bai so su wuce zuwa inda ba shi da ikon tsaronsu ba. Al'adar ƙasa kuma sananniya ce: baƙo mai daraja ya kan aika tun daga nesa, ya jira amsa, ya sami ƙofarsa a fada, watau wani babba wanda zai yi masa iso wurin sarki. Su kuwa himma ta cika musu zuciya, ba su tsaya sun sami izinin Sarkin Kano ba, su ka kama hanya.

Makon Kano

Da zafin bazara su ka hango ganuwa, wadda kewayenta ya fi mil 11, da ƙofofinta 13, da Dala da Goron Dutse sun taso a cikinta. Su ka shiga birnin da su ka yi shekaru suna addu'a dominsa, birnin Kasuwar Kurmi, inda Larabawa da Buzaye da Barebari da Nufawa ke ciniki da kuɗin wuri, inda marina ke rina turkuɗin da a ke kaiwa har bayan hamada, inda kuma a lokacin a ke sayar da bayi a rumfarsu. Jama'a ta yi ta tururuwa tana kallonsu. Aka sauke su a wani gida. A ransu suna cewa wahala ta ƙare, aiki ya fara: ga inda za a buɗe ɗakin magani, ga inda za a tara yara a koya musu karatu.

Sa'an nan aka kira su fada. Aka bar su suna jira cikin zafi har su ka gaji, kana aka shigar da su gaban sarki, yana zaune cikin fadawansa da bayinsa. Bishop ya bayyana abin da ya kawo su. Ya nuna su ba soja ba ne, ba kuwa fatake ba, malamai ne masu koyarwa, tare da su kuma akwai mai magani, suna roƙon a ba su wurin zama. Sarki bai sake musu fuska ba. Ya tuhume su da shigowa ƙasarsa ba tare da yardarsa ba. Ya nuna Kano tana da malamanta, ba ta bukatar waɗansu. Ya kuma sanar da su ba shi yiwuwa Nasara su zauna a birninsa sai da izinin Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Daga ƙarshe ya yanke magana: kwana 3 ya ba su su shirya, za a ba su jakuna 100 su ɗauki kayansu zuwa Zariya, ba ya kuwa so ya sāke ganinsu.

Ka auna wannan a zuciyarka. Shekarun karatu a Landan, da zaman Tarabulus, da tafiyar wata uku, da kuɗin da masu bi su ka tara a Ingila, duk sun ƙare cikin zama ɗaya a fada. Ba su yi wa'azi a kasuwa ba. Ba su kafa makaranta ba. Su ka koma masauki, kayan da su ka kwance jiya su ka shiga ɗaurewa yau. Su ka roƙi a ƙara musu lokaci, aka ƙara kwanaki kaɗan, har zamansu duka ya zama kimanin mako guda. Kwanakin nan na zaman ɗar-ɗar ne, gama wanda sarki ya juya wa baya, gari duka ya juya masa, ba su kuwa da soja ko ɗaya, ba su da mai tsaya musu. Jikinsu ya riga ya raunana da tafiya, zukatansu sun karai, kowace safiya ba su san abin da yamma za ta kawo ba.

Da wa'adi ya cika, su ka fita. Ba su yi gardama da dogarai ba, ba su ɓuya a wani lungu ba, ba su tsaya a bakin ƙofa sun la'anci birni ba. Sarki kuma ya cika maganarsa: ba wanda ya taɓa lafiyarsu. Ka tuna shekara 2 kafin wannan, cikin 1898, an kashe wani hafsan Faransa a Damagaram bayan ya sauka baƙunci. Alu ya kore su, amma ya bar su da ransu da kayansu.

Bayan kora

Wahala ba ta tsaya a ƙofar Kano ba. Da su ka komo Zariya, Sarki Kwasau bai iya riƙe waɗanda Kano ta kora a cikin birninsa ba. Su ka gangara kudu zuwa Girku, ƙaramin gari, inda wani mai bishara, Walter Gowans, ya riga ya mutu cikin 1894. A nan atuni ya kama Dudley Ryder, Mila ya yi iyakar ƙoƙarinsa na likita, amma saurayin ya rasu da damina tana farawa. Richardson ya kwanta ciwo, aka mai da shi Ingila. Daga baya wuta ta cinye gidan da su ka gina. A farkon 1901 aka umurci waɗanda su ka rage su koma Loko, a bakin kogin Binuwai.

Labarin korar ya kai Ingila, jaridu su ka buga shi, gwamnati ta ji haushi. Daga nan aka ƙara tsananta wa masu bishara wajen shiga ƙasashen sarakunan Musulmi, shekaru da yawa kuwa aka yi a haka. Gaggawar mutum biyar ta ƙara wa ƙofa sakata a kan waɗanda su ka zo bayansu.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila su ka ci Kano. An kama Sarki Alu, aka kai shi Yola, sa'an nan Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926. Kada ka ce wannan sakayya ce saboda masu bishara. Yaƙin nan na mulki ne, ba na Bishara ba, bai kuwa buɗe wa Mila ƙofar birni ba, gama a shekarar nan Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato gwamnati ba za ta sa hannu cikin addininsu ba. Bindiga tana fasa ganuwa, amma ba ta buɗe zuciya.

Abin da haƙuri ya haifa

Mutum mai ƙaramar bangaskiya da ya koma gida ya buɗe ɗakin magani a Landan, ba kuwa wanda zai zarge shi. Mila ya komo. Cikin 1905 ya shiga birnin Zariya, wannan karo da izini, ya zauna a Durumin Maigarke cikin gidan ƙasa kamar na maƙwabtansa. Yana duba marasa lafiya, yana koya wa yara karatu, yana zama da malamai suna tattauna ma'anar kalmomi. Shekaru su ka wuce masu bi ba su da yawa.

Cikin 1913 waɗansu mutane su ka zo wurinsa da kansu. Su zuriyar almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano wanda ya girmama Annabi Isa ƙwarai cikin koyarwarsa, har aka kashe shi a kasuwar Kano shekaru da yawa kafin zuwan Turawa. A kan ce da su Isawa. Aka kafa musu gari a Gimi, amma ciwon barci ya auka wa garin, ya kashe da yawa, aka kwashe yaran da su ka tsira zuwa makarantar Zariya. Ka lura da wannan: daga zuriyar almajiran wani malamin Kano, birnin da ya kore shi, mutane su ka fito nemansa, shekara 13 bayan korar, ta hanyar da ba shi ya shirya ba.

Cikin 1929 aka ƙaura da aikin zuwa Wusasa, bayan ganuwar Zariya, aka gina majami'a da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, da makaranta, da asibiti. Daga makarantar Mila aka sami Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na fari da ya zama likita, da John Tafida wanda ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East. Daga zuriyar Isawa aka sami Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Bayan ƙaurar Wusasa, Mila ya koma Kano da zama domin ya ƙarasa babban aikinsa. Cikin 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa. Ba shi kaɗai ya yi fassarar ba, akwai masu bishara na waɗansu jam'iyyu da malamai Hausawa waɗanda su ka sa hannu, amma shi ne ya ɗauki mafi nauyin kayan. Daga ranar da aka ba shi kwana 3 ya fita zuwa ranar da Littafin ya fito, shekara 32 ke nan. Mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Ba mu ce Mila ba shi da aibi ba. Mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe, ya sha jayayya da Turawan mulki da sarakuna, har da abokan aikinsa. Ba dukan halinsa za ka kwaikwaya ba. Allah ya kan yi aiki da tukunya mai tsaga. Abin koyi a wurinsa shi ne bai bar kunyar mako guda ta raba shi da mutanen da ya ke ƙauna ba.

Abin da za ka riƙe

Na fari, ka yi sallama. Kakanninmu sun ce baƙon da babu sallama mugu ne, Bishara kuwa ba ta kawar da ladabi ba, ƙara shi ta ke yi. Sabon mai bi ya kan zo da wuta a zuciya, yana so ya juyo da gidansu duka cikin mako ɗaya. Ya katse wa mahaifinsa magana, ya yi wa malamin unguwa gardama a gaban almajiransa, ya shiga zauren mutane da wa'azin da ba a roƙe shi ba. In aka kore shi sai ya ce domin Almasihu a ke tsananta masa, alhali domin rashin kunyarsa ne. Manzo Bitrus a wasiƙarsa ta fari ya rarrabe tsakanin shan wuya domin aikin kirki da shan wuya domin laifin kai. Ka tabbata wanne ne naka. Ka tuna kuma ɓarnar da gaggawarka ta yi, masu bi na bayanka ne za su biya.

Na biyu, in an ƙi ka, ka fita lafiya. A cikin Bisharar Luka sura 9 an ba da labarin wani ƙauyen Samariyawa da ya ƙi saukar da Ubangijinmu Yesu. Yaƙub da Yohanna su ka so wuta ta sauko ta cinye ƙauyen, amma ya tsauta musu, su ka wuce wani ƙauye. Wanda ya rufe maka ƙofa yana da iko da gidansa. Kada ka zage shi, kada ka zagi sallarsa, kada ka yi murna ran da masifa ta same shi, kada kuma ka nemi ƙarfin hukuma ka danne shi da shi.

Na uku, ka duba da idon wanda ya ƙi ka, ka kuma faɗi alherinsa. Sarki Alu yana da dalilin tsoro. Mahaifinka ma yana da nasa: yana tsoron ya rasa ɗa, yana tsoron bakin dangi, yana tsoron abin da zai same ka ranar lahira bisa ga abin da ya gaskata. Fushinsa sau da yawa ƙauna ce da ta firgita. In ya hana ka cin abinci a akushi ɗaya da shi amma ya bar maka gonarka, ka gode masa saboda gonar. Ka riƙa zuwa gaisuwa da safe kamar dā, ka je gayya, ka je ta'aziyya, ka biya bashinka a kan lokaci, mudunka ya cika. Abin da ba za a ji daga bakinka ba yanzu, za a karanta shi a halinka.

Na huɗu, kada ka ce rufaffiyar ƙofa ita ce ƙarshen kiranka. A Ayyukan Manzanni sura 16 an hana Bulus shiga ƙasashe biyu da ya nufa, kana aka kira shi zuwa Makidoniya. Da Mila ya sami abin da ya ke so a Kano cikin 1900, watakila da bai sami shekarun zama da malaman Zazzau waɗanda su ka gyara masa Hausarsa ba. Kai ma aikin da ke gabanka yau, ko noma ne, ko saƙa, ko renon 'ya'ya, ko koya wa maƙwabci karatu, ka riƙe shi da aminci. Lokaci na Allah ne, aminci kuwa naka ne.

Ya ɗan'uwana, watakila makonka na Kano ya riga ya zo, ko kuwa yana tafe. In ya zo, ka bincika zuciyarka ka ga ko ka yi sallama, ka ɗaure kayanka ba tare da zagi ba, ka yi wa masu gidan addu'a da sunayensu, ka kama aikin da aka buɗe maka a wani wuri. Allah ya ba mu himma tare da ladabi, ya ba mu haƙurin da ya fi kwana uku, domin Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.